Askin Sarkin Wata Goma Sha Ɗaya

Sau bakwai gaba, sau bakwai baya. Haka Sendino yake wasa askarsa a jikin tsohuwar fatar da ke rataye a bakin rumfarsa, kowace safiya, tun raɓa ba ta bushe a kan duwatsun gada ba. Ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya tsoma yatsu cikin akushin ruwan ɗumi, ya jiƙa kan Muniyo mai alfadarai tun daga goshi har ƙeya. Sannan ya tsaya, aska a sama, kamar tsuntsun da bai gama zaɓen reshen da zai sauka ba.

"Ka yarda?"

"Kai, tsohon nan akwai ɓata wa mutum safiya!" in ji Muniyo. "Da ƙafata na zo, da kaina na zauna, na miƙa maka wuya kamar ragon yanka. Me ya rage? In kira shaidu?"

"Ka yarda?"

"Jama'a, shekara ashirin da shida! Alfadarina ma ya haddace tambayar nan. To, na yarda. Na yarda yau, na yarda gobe, na yarda har ranar da za a sa ni a rami. Ka adana sauran."

"Ta yau kaɗai nake karɓa," in ji Sendino. "Ta gobe ka zo da ita gobe."

Aska ta sauka, ta fara tafiyarta mai taushi, masu jiran layi a kan benci suna dariya.

Babu wanda bai san da wannan tambaya ba a garin, daga masu jima na ƙasan gada har makiyayan da ke saukowa daga duwatsun Asturiya sau biyu a shekara. Ana yi masa ba'a da ita, amma an yarda da ita. In an ga mutum ya fito daga rumfar gada da sabon aski, an san da bakinsa ya nema.

Kaɗan ne suka tuna inda abin ya samo asali. Sendino yana ɗan shekara ashirin da biyu, bai daɗe da gadon zabirar ubansa ba, aka kawo wata mai wanki tsakiyar kasuwa, aka ce ta sace ƙyallen bagadin coci. Hukuncinta shi ne a yi mata ƙwal a gaban jama'a. A ƙasarmu gashi shi ne shaidar ɗa. Bawa da mai laifi ake kwashe wa kai ba da sonsu ba. Dogarai biyu suka danne ta, Sendino ya yi aikinsa, ya ma yi shi da kyau, don yana so kasuwa ta ga hannunsa. Gashin ya zube a kan dutse, baƙi wuluk, mai nauyi, yana ƙanshin toka da ruwan kogi. Ba ta yi kuka ba. Da ya gama sai ta ɗago kai ta dube shi, ta ce, "Ko tambayata ba ka yi ba."

Bayan kwana tara aka tsinci ƙyallen maƙale a saiwar wata bishiya, inda ruwa ya ja shi. Babu wanda ya je ya ba ta haƙuri sai shi. Sunanta Onega. Sai da gashinta ya kai kafaɗa ta amsa gaisuwarsa, sai da ya kai gadon baya ta aure shi. Yanzu ya yi fari fat, yana taɓa ƙugunta, kuma Sendino ne ke taje mata shi duk Lahadi bayan an taso daga coci. Nan ma sai ya tambaya.

Haka rayuwarsa ta tafi, ba hawa ba gangara: aski, ƙaho, cire haƙori, gurasar sha'ir da cuku da rana, ɗan kofin ruwan tuffa da yamma. Da ba don sarkin da aka naɗa bara ba, da babu mai tuna shi.

Sarki Argimiro ya hau gado lokacin tsinkar tuffa. Dogo ne, ɗan shekara ashirin da takwas, mai saurin dariya, gashinsa har kafaɗa kamar na duk sarakunan da suka gabace shi. Baffansa, hakimi Ansur, shi ya kama hannunsa ya ɗaga a gaban manyan ƙasa, kuma kowa ya gane abin da ake nufi: yaro ya zauna a kan gado, baffa ya riƙe linzami. A makon farko wanzamin fada ya kamu da rawar hannu, aka aika gada aka ɗauko Sendino don gyaran gemu. Ya jiƙa fuskar sarki, ya ɗaga aska, ya ce, "Ka yarda, ranka ya daɗe?"

Fadawa suka daskare. Wani ya kai hannu ga takobi. Sarki kuwa ya yi dariya har sai da ruwan gemunsa ya ɗiga a riga.

"Tun da aka ɗora ni a kujerar nan," in ji shi, "kai ne mutum na farko da ya tambaye ni ko na yarda da wani abu. Na yarda, Baba Sendino. Ka riƙa zuwa duk Asabar."

Ya riƙa zuwa. Mutum in yana ƙarƙashin aska ba ya iya magana da yawa, sai sauraro, kuma wannan sarki yana son ya ji abin da ake faɗa a benci. Wata Asabar, ba da wata manufa ba, Sendino ya ba shi labarin makiyayan da suka sayar da rabin tumakinsu, saboda hakimai sun kewaye makiyayar tudu da shinge, wadda tun kakanni ta kowa ce. Da bazara ta shigo sai sarki ya hau tudun da kansa, ya sa aka tumɓuke shingen. Mafi tsawon shingen na baffansa ne.

Tun daga ranar Sendino ya lura gaisuwar fadawa ta yi gajarta.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da sarki ya kwanta da zazzaɓi, bayan ya ƙetare kogi a kan doki cikin ruwan sama. Asabar biyu ba a kira wanzami ba. A benci ana ta raɗe-raɗin askin tuba, kuma duk wanda ya ambace shi sai ya sassauta murya. Kowa ya san shi, kowa ma yana fatan ya samu a ƙarshen kwanansa: in mutum ya zo gargara, sai a kwashe masa tsakar kai a bar zoben gashi a gefe irin na 'yan zuhudu, a shafa masa toka, a sa masa rigar gashin akuya, ya sadu da Ubangijinsa a matsayin mai tuba. Rahama ce ga wanda zai tafi. Amma wanda aka yi wa shi ya kuma tashi, ya mutu ga duniya ko da yana numfashi. Ba ya ƙara riƙe takobi, ba ya komawa ɗakin matarsa, ba ya zama a kan gadon sarauta. Gashin zai sake tsirowa. Hukuncin ba ya gogewa.

Sendino ya gama gefen dama na kan Muniyo, yana shirin juyawa hagu, sai inuwa ta rufe bakin rumfa. Dogarai biyu ne.

"Wanzami, ɗauko kayanka. Ana kiranka a fada."

"Bari in ƙarasa wannan bawan Allah."

"Yanzu aka ce."

"To ni fa?" in ji Muniyo, yana shafa kai. "Da rabin kai zan shiga kasuwa? Ai mata sai su ce akuya ce ta kwana tana kiwo a kaina!"

Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

Onega ta fito daga cikin gida da zabira a hannu, kamar dama tana tsaye a bayan ƙofa. Ta rataya masa, ta gyara masa wuyan riga, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Ka tambaye shi, tsoho," ta ce a hankali. "Ko ba ya ji, ka tambaye shi."

Rana ta riga ta yi zafi da suka haura zuwa fada. Watan girbin sha'ir ne, iska ba ta motsi. A ƙofar fada mutane sun cika fili, yawancinsu makiyayan tudu da sandunansu da karnukansu, ba sa ihu, ba sa tafiya. Da suka ga Sendino sai suka dare masa hanya.

"Ga na gada nan," wani ya ce. "To, yanzu za mu ji gaskiya."

"Baba Sendino, in ka fito ka faɗa mana abin da ya ce!"

Sai a lokacin ya gane dalilin da ya sa aka tsallake duk 'yan zuhudun da suka iya aski aka aika gada. Ba askarsa ake bukata ba. Bakinsa ake bukata.

Ɗakin sarki yana can ƙarshen wani dogon soro. An rufe tagogi, an bar guda ɗaya, haske na shigowa ta cikinta kamar sanda. Sarki na kwance rigingine, gashinsa a baje a kan matashi. Hakimi Ansur na tsaye a kansa, ƙaton mutum mai furfura a gemu da murya mai laushi. Tsohon limamin coci na zaune a gefe, riƙe da kwanon toka da rigar gashin akuya, idonsa a ƙasa. Akwai dogarai huɗu a jikin bango.

Akwai kuma kaskon garwashi a kusurwa.

Sendino ya dube shi sau ɗaya ya kawar da kai. Wuta, a wannan zafi? Sai ya sake duba. Wani siririn ƙarfe na kwance cikin garwashin, bakinsa ya yi ja. Wanda ke tsugune yana fifita wutar, Sendino ya san shi: shi ke yi wa dawakin fada lalas da jan ƙarfe. Makaho ma ba ya sarauta a ƙasarmu. Wannan kowa ya sani.

"Sannu da zuwa, wanzami," in ji Ansur. "Ka ga halin da ɗana yake ciki. Ba zai kai yamma ba. Ba na so ya tafi ba tuba. Kafin a kaɗa ƙararrawar tsakar rana ka yi masa askin, sannan ka fita ka gaya wa mutanen can cewa ka tambaye shi ya yarda. Sun san ka. Za su watse lafiya, ba a zubar da jinin kowa ba."

"Ya yarda ɗin, ranka ya daɗe?"

"Jiya, da bakinsa. Liman na wurin."

Liman bai ɗago ba.

"Ta jiya ba ta yi mini aiki, ranka ya daɗe. Sai ta yau."

Ansur ya yi murmushi. Ya matso, ya kama hannun daman Sendino, ya juya shi yana dubawa kamar mai taya doki.

"Hannu mai kyau. An ce ba ka taɓa yanka kowa ba. Ka ji ni da kyau, tsoho, don ba na maimaita magana. Hannun da ya ƙi yi wa sarkinsa hidimar ƙarshe ba shi da sauran aiki a jikin mai shi. In ƙararrawa ta kaɗa gashin nan yana kansa, a nan za ka bar wannan hannun, daga wuya." Ya sake shi a hankali. "Fara."

Sendino ya durƙusa a bakin gado. Gwiwoyinsa sun yi ƙara. Ya buɗe zabira, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera kayansa kamar kullum. Sannan ya ɗora tafinsa a goshin sarki.

Ya yi wa masu mutuwa aski sun fi ɗari. Ya san fatarsu: hanci ya sirance, kunne ya yi sanyi, goshi ya bushe kamar takarda. Wannan goshin da danshi. Ƙeya jiƙe take da gumi, kunne da ɗuminsa, jijiyar wuya na bugawa a natse kamar tafiyar alfadari a hanyar gida. Zazzaɓin ya sauka, ƙila tun jiya. Ya sunkuya kusa da bakinsa, ya ji wani wari mai ɗaci da zaƙi-zaƙi, irin na tsimin da shi kansa yake ba mutum kafin ya cire masa haƙori. Wannan ba mai mutuwa ba ne. Mai barci ne da aka sa shi barci.

Ya dubi hannunsa na dama a kan gashin sarki. Ya tuna wani gashin, a kan dutsen kasuwa.

"A kawo mini ruwan rijiya," ya ce. "Mai sanyi, wanda aka ja yanzu."

"Ga ruwan ɗumi nan an tanadar maka," in ji Ansur.

"Kan mai zazzaɓi ba ya son ɗumi, ranka ya daɗe. Fata takan saki, aska ta yi ɓarna. Ba ka so a fito da shi da jini a ka."

Ƙarya ce, ita ce kuma ta farko da ya taɓa yi da sunan sana'arsa. Ansur ya yi wa wani dogari nuni. Aka daɗe ba a dawo ba, ko kuwa Sendino ne ya ga an daɗe. Sandar hasken da ke ƙasa tana rarrafowa zuwa ƙafar gado. In ta taɓa ta, rana ta yi tsaka.

Ruwa ya zo. Sendino ya kamfata da hannu biyu, ya kwara a kan sarki, ba yayyafi irin na aski ba. Ya sake kwarawa. Ya ciro ɗan tulun ruwan tsamin da yake wanke ƙaho da shi, ya jiƙa ƙyalle, ya yi kamar yana goge fuska, ya riƙe shi a ƙarƙashin hanci. Da babban yatsansa ya danna bayan kunne, wurin da yake danna wa waɗanda suka suma a wurin ƙaho.

"Me kake yi haka?" Muryar Ansur ta rasa laushinta.

"Jiƙa kai nake yi, ranka ya daɗe."

"Ɗauki aska."

Ya ɗauka. Sau bakwai gaba, sau bakwai baya, a kan fatar da ya ɗaura a gwiwa. Bai taɓa yin bakwai mai tsawon wannan ba. A na biyar sarki ya yi tari. A na ƙarshe ya buɗe ido.

Idanun suka yi yawo a rufin ɗaki, suka sauko, suka tsaya a kan fuskar wanzami.

"Baba Sendino," ya ce, murya a shaƙe. "Asabar ta yi ne?"

"Talata ce, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga askar inda sarki zai gan ta. Ya ji dogari ya matso bayansa, ya ji warin fatar takalminsa. Tambayar ta san hanyarta, shekara talatin da wani abu tana bi.

"An ce in yi maka askin tuba. Ka yarda?"

Sarki ya juya kai da ƙyar. Ya ga liman da tokarsa. Ya ga baffansa. Ya ga dogaran, babu ko ɗaya daga cikin nasa. Idonsa ya kai kusurwa, ya daɗe a can.

"Mutuwa nake yi, Baba Sendino?"

"Wanzami," in ji Ansur, "ka tuna da hannunka."

Sendino ya tuna da shi. Ya ji kowace gaɓa ta yatsunsa a jikin ƙotar askar.

"A'a, ranka ya daɗe. Zazzaɓin ya sauka. Nan da kwana uku za ka nemi nama."

Liman ya saki wani ɗan sauti kamar kuka. Sarki ya rufe ido, har Sendino ya ɗauka barcin ya sake janye shi, sai ya ga gefen bakinsa ya motsa.

"In na ce ban yarda ba fa?"

"Sai in mayar da askata cikin zabira."

Sarki ya juya ga Ansur. "Sai kuma me, Baffa?"

Mai lalas ya juya ƙarfen cikin wuta, tartsatsi ya tashi.

"Ya ce zai sare wa wanzami hannu," in ji liman, da sauri, kamar maganar ta kuɓuce masa. "Ɗana, ka gafarce ni. Ya ce in ƙararrawa ta kaɗa zai sare masa hannu."

Sarki ya yunƙura zai tashi zaune, ya kasa. Sendino ya tallafe shi da hannun hagu, ya jingina shi da matashi. Ruwa na gangarowa daga gashinsa zuwa ƙirji.

"Baffa, ashe shingen nan ya yi maka ciwo haka?" Ya numfasa. "Kai ka ɗora ni ba ka tambaye ni ba, yanzu za ka sauke ni, nan ma sai da aka ɗauko wanzami daga gada ya tambaye ni a madadinka. To ka ji. Idona ina son abina, akwai sauran abubuwan da ban gama kallo ba. Tsohon nan kuma zai fita da hannunsa biyu. Makiyayar tudu ta zauna a buɗe, ba shinge. Ka rantse a gaban liman, a kan gicciyen da ke wuyansa."

"Ba kai ke gindaya sharaɗi a ɗakin nan ba, yaro."

"Haka ne. Amma ka leƙa taga. In wanzaminsu ya fita da dungu, ko ya ƙi fita, ka san abin da za su karanta. Sanduna nawa ka ƙirga a ƙofa?"

Ansur ya dubi tagar. Ya dubi sandar hasken, saura taki ɗaya ta taɓa gado. Ya taka zuwa wurin liman, ya ɗora yatsu biyu a kan gicciyen, ya rantse da murya ƙasa-ƙasa, yana cije kowace kalma. Liman ya sa shi ya maimaita ta makiyayar da ƙarfi.

"Sake tambayata, Baba Sendino," in ji sarki.

"Ka yarda, ranka ya daɗe?"

"Na yarda."

Liman ya yanke tufkar gashi ta farko da almakashi, yana karatu, hawaye na bin gemunsa. Sauran aikin na Sendino ne. Bai taɓa yin aski mai kyan wannan ba, kuma bai taɓa ƙin hannunsa kamar yadda ya ƙi shi a wannan sa'a ba. Aska na tafiya ba gargada, gashi na sauka a kan ƙyalle tuli-tuli, fatar da rana ba ta taɓa gani ba tana fitowa fara kamar cikin gurasa. Ya zagaye zoben daidai, ko sili ɗaya bai fita layi ba. Yana goge ruwan ƙarshe ƙararrawa ta kaɗa.

"Yaya na yi?" in ji wanda har ɗazu sarki ne. "Na yi kama da mutumin kirki?"

"Kanka yana da kyan ƙira, ranka ya daɗe."

"Daina ce mini haka. An gama da wannan."

Wata goma sha ɗaya da kwana tara, in ji marubutan coci, waɗanda suka ba shi layi ɗaya a littafinsu suka wuce. Ba su rubuta cewa ya yi shekara arba'in bayan haka a gidan zuhudu na kan tudu ba, yana kiwon zuma, yana kallon tumakin talakawa suna yawo inda shinge yake a da. Ba su rubuta sunan wanzamin ba. Ba su kuma rubuta abin da ya faɗa wa mutane a ƙofar fada ba, wanda bai fi numfashi biyu ba: "Na tambaye shi, ya ce ya yarda. Akwai wuta a ɗakin." Makiyayan suka tsaya har aka fito musu da mutuminsu da idonsa biyu, suka raka shi tudu da ƙafa. Muniyo ya yi kwana uku da rabin kai kafin ya haƙura ya nemi wani wanzamin, kuma har ya mutu yana cewa tsohon gada ya cuce shi.

Amma duk wannan daga baya ne. A wannan lokacin Sendino yana durƙushe tukuna, yana tattara gashin cikin ƙyalle, yana ƙulle bakinsa. Hannunsa na nan, yatsu biyar, babu abin da ya taɓa shi. Ya dube shi ya rasa farin cikin da ya kamata ya ji. Shekara talatin yana ganin tambayarsa katanga ce, in ya yi ta ya sami amsa to ya fita haƙƙin mutum. Yau ya tambaya, an amsa masa, kuma amsar gaskiya ce, da bakin mai ita. Sai dai an ba da ita ana kallon jan ƙarfe. Da a ce a kasuwa, a wancan lokaci, ya tambayi Onega dogarai na danne da ita, me za ta ce?

"Tashi ka je ka yi musu magana," in ji Ansur. "Asabar kuma ka dawo. Sabon sarki zai bukaci wanzami."

Sendino ya miƙe da ƙyar. Ya mayar da ƙaho cikin zabira, da tulun ruwan tsami, da fatar wasa aska, da ƙullin gashin. Askar kaɗai ta rage a hannunsa, ƙirar Andalus, wadda ubansa ya gada daga nasa uban, ƙotarta ta lotsa daidai wurin babban yatsa. Ya taka zuwa kusurwa. Mai lalas ya ja da baya. Sendino ya sunkuya ya kwantar da ita cikin garwashi, gefen ƙarfen, a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

"Mene ne haka?" in ji Ansur.

"Ta gama aikinta, ranka ya daɗe. Sai ku nemi wani."

Ƙotar ta fara hayaƙi. Ya rataya zabira a kafaɗa, ya rusuna wa mutumin da ke kan gado, shi kaɗai. Dogarin da ke bakin ƙofa ya dubi Ansur, Ansur ya dubi taga, dogarin ya kauce. Sendino ya sa hannunsa na dama ya tura ƙofar, ya fita.